Zayyana Haruffan Shela a Kan Gidan Dara: Abin da Birnin Kebbi da Argungu Ke Bukata



Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Birnin Kebbi ta nufi Argungu ba zai rasa abin karantawa ba. Akwai allunan ma'aikatu da na makarantu, akwai na shaguna da na asibitoci, ga ƙyallayen sanarwa da akan rataya a tsakiyar titi, ga rubutun bayan manyan motoci, ga kuma wanda ke jikin buhunan shinkafa. Mutumin da zai yi shekara bai buɗe littafi ba, wannan rubutu yakan karanta shi kowace safiya, ko yana so ko ba ya so. Saboda haka allunan bakin hanya makaranta ce wadda ba a tashi daga cikinta, kuma abin da suka koyar shi ne zai zauna a zukatan jama'a.

To, amma in aka tsaya aka dubi waɗanda aka rubuta da Hausa daga cikinsu, za a tarar da yawa sun yar da ƙugiyar haruffa uku, watau ɓ da ɗ da ƙ. Sai a ga an yi nufin cewa maraba da baƙi, amma abin da ke jikin ƙyalle shi ne maraba da baki. A yi nufin gasa ta ƙasa da ƙasa, a rubuta ta kasa da kasa. A fagen kiwon lafiya abin ya fi muni, domin ƙugiya ce kaɗai ta raba bari da ɓari, ita ce kuma, gafara dai, ta raba ƙashi da kashi.

Sau da yawa akan ɗora laifin a kan mai rubutun allo, a ce jahilci ne ko ganganci. Gaskiyar maganar ita ce, haruffan da aka ba shi ya yi aiki da su na aro ne, an zayyana su ne don harsunan da ba su san ƙugiya ba, kuma Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Manufar wannan lacca ita ce ta nuna cewa maganin yana kusa, yana cikin wata dabara da masu sana'a na kwarin Rima suka daɗe da sani, watau ƙirga gidaje a kan zane irin na gidan dara, da kuma cewa harafin da aka gina a kan wannan zane, in an fara shi da ƙugiya tun daga tushe, zai iya zama na gida, mai sauƙin kwaikwayo ga kowane mai fenti.

Haruffan Karatu da Haruffan Shela

Ma'aikatan ɗab'i sun kasa haruffa gida biyu. Kashi na farko su ne ƙananan haruffa na cikin littafi da jarida, waɗanda ake so ido ya bi su shafi bayan shafi ba tare da ya gaji ba. Kyawunsu shi ne kada a lura da su. Kashi na biyu su ne manya, na kanun labarai da bangon littafi da allunan sanarwa, waɗanda a nan za a kira su haruffan shela. Aikinsu irin na sanƙira ne: su ɗaga murya, a ji su daga nesa, a gane saƙon a cikin ƙiftawar ido. Kalmomin da suke ɗauka kaɗan ne, amma kowace kalma dubban idanu ne ke ganinta.

Wannan bambanci yana da muhimmanci ga mai zayyana. Harafin karatu yana bukatar lanƙwasa mai laushi da awo mai zurfi, kuma gwanaye kan share shekaru a kan iri guda. Harafin shela kuwa yana jure wa kusurwa da kauri da siffa mai ƙarfi, har ma su ne adonsa. Don haka shi ne ƙofar da ta fi sauƙin shiga ga ɗalibin da ba shi da komai sai fensir da takarda mai gidaje, irin ta darasin lissafi.

Yadda Ƙugiya Ta Shigo Rubutun Boko

Turawan da suka fara rubuta Hausa da haruffan Rumawa sun ji sautuka waɗanda babu su a harsunansu, suka yi ta neman yadda za su nuna su. Waɗansu suka riƙa sa ɗigo a ƙarƙashin harafi, waɗansu suka riƙa rataya masa ɗan waƙafi a gefe. Cikin shekara ta 1912 Hans Vischer, wanda Hausawa suka laƙaba wa suna Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutu don makarantu. A cikin shekarun 1930 ne aka tsaya a kan haruffa masu ƙugiya, bisa shawarar masana harsunan Afirka irin su Diedrich Westermann, kuma aikin ɗab'i na Zariya a ƙarƙashin Rupert East, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda ta fara fitowa a watan Janairu na 1939, su ne suka kai su ko'ina a ƙasar Hausa. Taron da aka yi a Bamako cikin 1966 a kan rubuta harsunan Afirka ta Yamma ya ƙara tabbatar da su. Akwai harafi na huɗu, wanda a Nijeriya ake rubuta shi 'y, a Nijar kuwa ƴ.

Amma fa tsayar da ƙa'ida daban, samun kayan aiki daban. A zamanin haruffan dalma, kowane harafi sai an zuba shi a kowane girma, maɗaba'ar da ba ta da ƙ mai girman kanun labari kuwa ba ta da yadda za ta yi. Keken rubutu na ofis yawanci ba shi da su, sai akawu ya gama bugawa sa'an nan ya bi da alƙalami yana lanƙwasa kawunan haruffa, in ya tuna. A cikin shekarun 1980 Cibiyar Harsuna ta Ƙasa ta haɗa kai da shahararren mai zayyana haruffa na Jamus, Hermann Zapf, aka fitar da haruffan bai ɗaya don harsunan Nijeriya. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya shirya haruffan Hausa na kwamfuta. A yau tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa cikin 1991, ya ba kowane harafi mai ƙugiya lambarsa ta dindindin, kuma haruffan karatu masu ɗauke da su sun samu. Inda giɓin ya rage shi ne wajen haruffan shela, domin galibin irin da masu buga ƙyallaye ke so saboda kyawunsu ba su da ɓ da ɗ da ƙ. In an buga su, sai kwamfuta ta aro siririn harafi daga wani iri dabam ta cusa a tsakiyar masu kauri, ko ta bar ɗan akwati fanko. Mai shago ya ga abin ya yi muni, sai ya share ƙugiyar ya huta.

Gidan Dara a Tarihin Rubutu

Auna harafi da ma'auni ɗaya tsohuwar dabara ce. Ibn Muƙla, wazirin Bagadaza wanda ya rasu cikin shekara ta 940, shi ake danganta wa tsarin auna haruffan Larabci da ɗigon alƙalami, inda tsawon alif da faɗin sauran haruffa duk ake ƙirga su da yawan ɗigo. Daga wajen ƙarni na 12 magina a Farisa da Afghanistan da Asiya ta Tsakiya suka ƙago rubutun Kufi mai murabba'i, wanda ake jera shi da tubali a jikin hasumiya da bangon masallaci. Ƙa'idarsa ita ce faɗin layi da faɗin filin da ke tsakanin layuka su zama ɗaya, kuma kowace juyawa ta zama kusurwa sosai. Har yau ana ganin irinsa a Samarƙandu da Isfahan.

A Turai, Albrecht Dürer ya buga littafi cikin 1525 wanda ya nuna yadda ake gina haruffa a cikin murabba'i. A farkon shekarun 1690 Sarkin Faransa Louis na 14 ya sa kwamitin masana su tsara wa maɗaba'arsa haruffa, suka zana kowane babban harafi a kan fili mai ƙananan gidaje 2,304, watau 48 sau 48. Amma da aka miƙa zanen ga Philippe Grandjean, maƙerin da zai sassaƙa su a ƙarfe, sai ya riƙa gyara lissafin masana da abin da idonsa ya gaya masa, kuma haruffan da aka fara bugu da su cikin 1702 sun fi zanen farko daɗin gani. Cikin 1919 Theo van Doesburg na ƙasar Holan ya gina dukan manyan haruffa a kan gidaje 25, biyar sau biyar, ba tare da lanƙwasa ko ɗaya ba. Wani ɗan ƙasarsa, Wim Crouwel, ya fitar da sababbin haruffa cikin 1967 don injunan ɗab'i masu aiki da haske, ya bi gidajen sau da ƙafa har waɗansu haruffan suka gagara karantuwa. A farkon shekarun 1980 kuma Susan Kare ta Amurka ta zana haruffa da alamomin kwamfutar Macintosh ta farko, tana cike gidaje a takarda ɗaya bayan ɗaya.

Darasi biyu ne ke cikin wannan tarihi. Na farko, gidan dara yana ba haruffa kamanni ɗaya kuma yana sa kowa ya iya maimaita su. Na biyu, gidan dara bara ne, ido shi ne alƙali. Inda lissafi ya ɓata karatu, lissafin ake gyarawa.

Gidan Dara a Sana'o'in Gida

Babu abin da ke baƙo a wannan dabara ga mutanen Kabi da Gwandu. Ita kanta darar, wadda Hausawa ke yi a ƙarƙashin inuwa, Dakarkarin ƙasar Zuru kuma suka yi suna da ita, gurabunta 30 ne, layi 5 sau 6, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12. Wannan fili bai yi nisa da gidaje 35 ba, watau 5 sau 7, waɗanda a kansu ake nuna haruffa a fuskar ƙananan injuna da allunan lantarki. Masuncin da ke saƙa homa don su a Matan Fada ƙirga idanun raga yake yi, ya san inda zai ƙara da inda zai rage. Masaƙi yana ƙirga zare, mai ɗinkin hula yana ƙirga gidaje kafin ya soka allura, mai saƙar tabarma yana fitar da zane ta hanyar ɗora kaba mai launi a kan wata da ƙirge. Magini mai yin dagi a fuskar soro yakan fara da ɗige-ɗige a jere, sa'an nan ya zagaya su da layi. Malamai kuma sun daɗe suna zana hatimi mai gidaje a takarda da allo.

Amfanin wannan ga haruffa a fili yake. Harafin da aka gina da gidaje ana iya faɗarsa da baki: gida kaza a tsaye, gida kaza a kwance. Mai fenti a Kamba ko Jega ko Yawuri, in an ba shi takarda guda, zai ja layukansa da alli da igiya, ya fitar da harafi daidai da na Birnin Kebbi, ko da bai taɓa kwamfuta ba. Mai walda zai yanka shi a ƙarfe, magini zai jera shi da bulo, mai ɗinki zai sa shi a hula.

Yadda Ake Gina Harafin

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kuskuren da aka saba yi shi ne a gama haruffan Turanci 26, sa'an nan a zo ana neman inda za a maƙala ƙugiya. Mai zayyana don Hausa wajibi ne ya fara da haruffan da suka fi wuya, su ne za su faɗa masa yawan gidajen da yake bukata.

A ɗauki ƙaramin ɓ. Idan cikin harafin ya ci gida 5 a tsaye, aka bar gida 2 kawai a sama don sandarsa, kamar yadda aka saba a fili mai gida 7, to ƙugiyar tana lanƙwasowa za ta taɓa cikin, harafin ya koma kamar lamba 8. Lalle ne a bar gida 3: ɗaya don kan ƙugiya, ɗaya don saukowarta, ɗaya kuma fili fari da zai raba ta da cikin harafin. Haka lamarin yake ga ƙ, wanda ƙugiyarsa ke rataye a bisa hannunsa. Shi kuwa ɗ, sandarsa a dama take, ƙugiyarsa kuma dama take nufa, saboda haka tana fita waje da jikin harafin, tana bukatar ƙarin gida biyu a gefe, kuma dole a duba kada ta yi karo da harafin da ke biye, kamar a kalmar ɗinki ko haɗari. Manyan Ɓ da Ɗ ƙugiyarsu a hagu take, don haka in B ya ci gida 5 a kwance, Ɓ zai ci 7. Babban Ƙ kuma hannunsa na sama ne ke lanƙwasa. Da wannan lissafi, filin da ya dace da ƙananan haruffan Hausa shi ne gida 8 daga layin zama zuwa sama, da gida 2 ko 3 a ƙasa don wutsiyar g da j da y.

Abu na biyu shi ne kaurin ƙugiya. Kada a siranta ta don neman wuri. In sandar harafi gida ɗaya ce, ƙugiya ma gida ɗaya ce, domin abin da ya sirance shi ne farkon ɓacewa daga nesa, shi ne kuma farkon da rana da ƙurar hunturu ke cinyewa.

Abu na uku, layukan da suka karkace. Gidan dara yana son tsaye da kwance, karkatacce kuwa sai ya mai da shi matakala. Hausa tana yawan amfani da k da w da y, ga kuma tagwaye irin su kw da gw da ƙw da ky da gy da ƙy. Dole mai zayyana ya yanke shawara tun da wuri: ko dai matakala ko'ina, ko kuwa ya yarda a raba gida biyu daga kusurwa zuwa kusurwa. Wanda ya zaɓa, shi zai bi har ƙarshe.

Abu na huɗu, alamar hamza, wadda ke cikin jama'a da sana'a da ma'aikata da 'ya'ya. A Hausa baƙi ce mai cin gashin kanta, saboda haka a ba ta kaurinta da filinta, kada a bar ta kamar ƙura a tsakanin haruffa. Harafin a kuma, da yake ya fi kowane yawa a rubutun Hausa, shi ne zai ba dukan rubutun fuska. In ya yi kyau an yi rabin aiki.

Abu na biyar, haruffan da ke rikiɗa juna a kan gidaje: B da 8, S da 5, Z da 2, D da O, U da V. Kowannensu sai an ba shi alamar da za ta raba shi da ɗan'uwansa, domin allo yakan ɗauki farashi da kwanan wata da lambar waya. Kada kuma a bar p da q da v da x don babu su a abacadar Hausa, tun da sunaye da Turanci za su nemi su. Jihar Kebbi ba ta Hausa kaɗai ba ce. Fulfulde tana bukatar ƴ da ŋ ban da ɓ da ɗ, kuma ya kamata a tuntuɓi masu rubuta Zabarmanci da Dakarci da Kambarci a ji abin da nasu rubutun ke nema.

Bayan an gama zane sai gwaji, domin sai an gwada akan san na ƙwarai. A jera kalmomin gida: Argungu, Gwandu, ƙwarya, ɗanɗano, ɓarawo, ƙyanda, tsintsiya. A rubuta fada da faɗa a gefen juna, a kafa allon a fili, a ja da baya har inda ba a iya raba su. Injiniyoyin hanya na Amurka suna lissafin inci 1 na tsawon harafi ga kowace ƙafa 30 ta nisa. Bisa ga wannan, babban harafi mai gida 7, kowane gida inci 1, zai karantu daga ƙafa 210. Amma ƙugiya gida biyu ce kawai daga cikin bakwai, don haka ita za a sa wa ido, kuma yaro ɗan firamare da dattijo mai raunin gani su ne alƙalan da suka fi cancanta.

Matsayin Ajami

Ƙasar da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna ya yi talifi ba za a yi maganar haruffa a cikinta a manta da ajami ba. Har yau akwai dubban mutane a masarautun Gwandu da Argungu da suka fi sakewa da shi a kan boko, kuma muhawarar da ta biyo bayan cire shi daga ƙananan takardun Naira cikin 2007 ta nuna irin matsayinsa a zukata. Kufi mai murabba'i ya nuna cewa haruffan Larabci suna hawa gidan dara sarai. Sai dai ba za a kwafe shi yadda yake ba, domin yakan zubar da ɗigo da wasali, ajamin Hausa kuwa da su yake rayuwa. Ɗigo uku ne a kan ɗamisa hannu ke ba da sautin tsa. A hannun Warshu da aka gāda a nan, fa ɗigonta ɗaya ne a ƙasa, ƙaf kuma ɗaya ne a sama, kuma ɗigon imala ne ke ba da wasalin e. Don haka filin ajami sai an ware masa layuka a sama da ƙasa don ɗigo da wasali, kamar yadda aka ware wa ƙugiya a boko. Kayan aiki sun fara samuwa: cikin 2016 Unicode ya ƙara fa da ƙaf da nun irin na Afirka, ƙungiyar SIL kuma ta fitar da haruffan kwamfuta masu suna Alkalami bisa salon rubutun Kano. Abin da ya rage shi ne irin da za a yi boko da ajami a kan fili ɗaya, da kauri ɗaya, su zauna a allo guda kamar wa da ƙane.

Daga Takarda Zuwa Kwamfuta

Zanen da ya tsaya a takarda ba zai kai ga masu buga ƙyallaye ba. Akwai manhajoji na kyauta da ake mai da zane haruffan kwamfuta, kamar FontForge, da FontStruct wanda aka buɗe cikin 2008 musamman don gina haruffa da gidaje. Gargaɗi ɗaya ne a nan, amma babba ne: kowane harafi a ajiye shi a lambarsa ta Unicode. Kafin wannan tsari ya bazu akan ɓoye ƙ a gurbin wata alama dabam, sai rubutu ya yi kyau a injin da aka buga shi, ya wargaje a na maƙwabci. Sa'an nan kuma in hukuma ce ta biya kuɗin aikin, ya dace a sake shi ga jama'a da lasisi na kyauta, domin harafin da aka kulle a ofis guda bai yi shela ba.

Nauyin da Ke Kan Ma'aikata da Ɗalibai

Wuraren da za a fara suna nan birjik. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake ƙirga farkonsa daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai garin cikin 1934, wanda kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya cikin 2016, yana bukatar ƙyallaye da alluna da riguna, kuma hotunansa suna zagaya duniya. Gidan Tarihi na Kanta, tsohuwar fadar da aka buɗe wa jama'a cikin 1958, yana da kayayyakin da ke son bayani cikin Hausa ingantacciya. Shinkafar da ake casa a Birnin Kebbi da Argungu tana shiga kasuwannin Nijeriya a cikin buhu, kowane buhu kuwa allo ne mai tafiya. Jihar da aka kafa ranar 27 ga Agusta 1991 tana da tambari da take, babu abin da zai hana ta samun haruffanta.

Ma'aikacin gwamnati ba sai ya iya zane ba kafin ya taimaka. Shi ne ke rubuta takardar kwangila, shi ne ke sa hannu a biya. Layi ɗaya a cikin sharuɗɗa, cewa duk rubutun Hausa ya zo da ɓ da ɗ da ƙ cikakku kuma daga iri ɗaya da sauran haruffa, da kuma ƙin karɓar allon da ya saɓa, zai yi abin da huɗuba ta shekara goma ba ta yi ba. Ranar da ɗan kwangila ya san ƙugiya tana iya tsai da kuɗinsa, ranar zai nemo ta.

Ga ɗalibai kuwa, Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, da Kwalejin Ilmi ta Adamu Augie da ke Argungu, duk suna da waɗanda aikin ke bukata. Mai nazarin Hausa ya kawo ƙa'idar rubutu da jerin kalmomin gwaji, mai zane ya kawo ido, mai ilmin kwamfuta ya kawo lambobi. Kafin a ja layi ko ɗaya, a fita a ɗauki hotunan allunan gari, a zauna da masu fenti da masu ɗinkin hula da masaƙan homa, domin su ne za su yi aiki da abin, kuma a hannunsu siffar gida take. Manya da ƙananan haruffa da lambobi da alamomi ba za su kai 100 ba. Aiki ne da ƙungiyar ɗalibai za ta iya kammalawa a cikin shekarar karatu guda.

Kammalawa

An nuna cewa ɓacewar ƙugiya daga allunan shela ta samo asali ne daga rashin kayan aiki, kuma tana ɓata ma'ana a inda ake bukatar ma'ana ƙwarai, watau a hanya da kasuwa da asibiti. An nuna cewa gina harafi a kan gidaje hanya ce da Bagadaza da Farisa da Turai suka bi, wadda kuma masunta da masaƙa da magina na wannan kwari suke bi kullum. Sharaɗin nasara shi ne a fara da ɓ da ɗ da ƙ, a ba su fili da kauri, a gwada su a rana daga nesa, a ajiye su a lambobinsu, a kuma sake su ga kowa. Yaron da ya tashi yana ganin harshensa a rubuce daidai, da manyan haruffa, a ƙofar makarantarsu da ta asibitin garinsu, ba zai bukaci a yi masa dogon bayani a kan darajar harshen ba. Takarda mai gidaje da fensir suna kowace kasuwa. Saura masu zama su cike gidajen.

Allah ya sa a dace.